Rabon Sallar bara ya raba ni da maƙwabciyata

Assalamu alaikum Yaya. Ni 'yar kasuwa ce a nan Garwa, arewacin Kamaru, ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwa. Shekara huɗu ke nan duk Babbar Sallah ina raba shinkafa da mai da nama a ƙofar gidana. Bara mutanen da suka taru sun kai ɗari biyu, aka yi turereniya har wata tsohuwa ta faɗi ta gurje gwiwa. Ɗan yayata ya ɗauki bidiyo da waya ya sa a Facebook, wai don a yi mini addu'a. A cikin bidiyon fuskar maƙwabciyata ta fito tar, tana miƙa hannu. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ta da yara biyar. Tun ranar ba ta ƙara shigowa gidana ba, in mun haɗu a hanya sai ta kawar da kai. Na ji an ce babbar 'yarta ta daina zuwa islamiyya saboda tsokanar yara. Ga kuma ƙanena da ambaliyar Yagwa ta 2024 ta cinye masa gida da gona, ya dawo nan da iyalinsa yana zaman haya. Matarsa ta gaya wa mahaifiyarmu cewa ina ciyar da bare, su na gida suna kallo. Bana kasuwa ta yi sanyi. Bara na kashe sefa 400,000 ban da ragon layya, bana abin da zan iya cirewa bai wuce 150,000 ba. Wata abokiyar adashina ta ce za ta ranta mini cikon. Idan ban yi rabon ba za a ce na karye, kuma akwai waɗanda suka riga suka sa rai. Maigidana ya ce in bar komai kawai in huta. Na rasa inda zan sa kaina.

Ƙanwarki daga Garwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya karɓi abin da kika fitar a shekarun nan huɗu, ya mayar miki da ninkinsa. Na san zafin Garwa a watan Afrilu, na kuma san kuɗin da mace ta tara tana zaune a rumfa tun hantsi har la'asar ba a fitar da shi da wasa. Don haka ba faɗa zan yi miki ba. Amma tunda Yaya kika kira ni, zan gaya miki abin da na gani a wasiƙarki ba kwana-kwana.

Kin sa maganar maƙwabciyarki a tsakiyar sauran damuwoyinki, kamar ɗaya ce daga cikinsu. A wurina ita ce gaba da komai, kuma ita ce ba za ta jira Sallah ba.

Ki zauna ki yi tunanin rayuwar matar nan tun ranar da ta gama takaba. Macen da aka bar wa yara biyar tana kashe rabin ƙarfinta wajen nemo abin da za a ci, sauran rabin wajen hana unguwa gane cewa babu. Takan wanke wa yara kaya da dare su bushe kafin asuba, don kada a lura kala ɗaya ce suke maimaitawa. In an tambaye ta ya gida, sai ta ce alhamdulillahi, ta yi murmushi ta wuce. Wannan rufin asirin shi ne dukiyar da ta rage mata bayan mijinta. Ranar nan ta dubi idon yaranta, ƙamshin suya na shigo musu ta kan katanga, ta danne zuciyarta ta fito ta shiga layi, tana fatan ta karɓa ta koma kafin wani ya gane ta. Sai ga fuskarta a wayar dangin mijinta, da ta matan da suka yi makaranta tare, da ta iyayen samarin da wata rana za su zo neman 'yarta. Ina rubuta wannan ƙirjina yana zafi.

Na san ba ke kika riƙe wayar ba. Amma a ƙofarki aka yi, da sunanki aka watsa, kuma shekara ta zagayo ba ki ce mini an cire ba. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 264, kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Gori kam ba ki yi ba. Cutarwa ta auku, ko da ba a nufa ba, kuma ana iya gyara wani abu daga cikinta.

Ki kira yaron yau, ba gobe ba. Ya goge bidiyon a gabanki, daga Facebook da WhatsApp da cikin wayar kanta, ya kuma bi abokan da ya san sun yaɗa ya roƙe su su cire. Duka ba zai gogu ba, abin da ya shiga intanet ya shiga, amma a rage abin da za a iya. Kada ki zage shi a gaban mutane. Abin da ya taso yana gani ke nan: manya sun jera buhuna, sun tsayar da talaka a gefe ana ɗaukar hoto. Ki zaunar da shi ki tambaye shi, da mahaifiyarsa ce a layin nan, zai ɗauka?

Daga nan ki tafi gidanta da ƙafarki, bayan magariba lokacin da ƙafa ta ɗauke, ke kaɗai, hannu rabbana. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau. In kika shiga da leda a hannu, ban haƙurin ya zama ciniki, za ta ji kamar kin zo sayen yafiyarta da mudun shinkafa. Ki yi sallama, ki zauna a tabarmarta, ki gaishe ta da yara, sannan ki faɗi magana a fili: “Maman yara, na zo ne kan abin da ya faru bara. An ci miki fuska a ƙofar gidana, ban hana ba, kuma na yi jinkirin zuwa. Na sa an goge. Don Allah ki yafe mini.” Kada ki ƙara da “amma ai niyyata alheri ce”. Ta san niyyarki, ba ita ce ta hana ta barci ba. Mai yiwuwa ta ce ba komai da baki kawai, mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi shiru har ki tashi. Duk wanda ta yi, ki karɓa, ki sake komawa bayan kwana uku ki gaishe ta kamar yadda kuke yi a da. Maganar yarinyar kuwa, in uwar ta yarda, ki riƙa tura taki 'yar ta biya mata su tafi islamiyya tare. Yara sukan ja baya da tsokana in suka ga wadda suke tsokana ba ita kaɗai take tafe ba.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan, ni ma na taɓa yin irinsa. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Marwa, wasu masu taimako suka kawo takalma a raba wa marayu gab da Sallah. Ni aka ba takardar sunaye, ni na tsaya a filin makaranta na kira su ɗaya bayan ɗaya, sauran yara suna tafi. Na koma gida ranar ina jin na yi aikin lada. Akwai wata yarinya a ajina, 'yar shekara goma sha ɗaya, mai ƙoƙari ƙwarai. Ta karɓi nata ta rusuna ta yi godiya. Washegari ta zo da tsohon silifas ɗinta da aka ɗaure da waya, jibi ma haka, har zangon ya ƙare, ga yashin Marwa yana ƙuna kamar garwashi. Da na ja ta gefe na tambaye ta ina takalmin, ta sunkuyar da kai ta ce, “Madam, ai kowa ya san takalmin marayu ne.” Shekaru sun shuɗe, har yau in na ga an jera mutane ana kiran suna a ba su abu, muryarta nake ji.

To, mu dawo kan shi kansa rabon. Layi a ƙofar gida yana da wani aibi ko da babu waya a wurin: mai ƙarfi ne yake kaiwa gaba. Matashi mai kafaɗa zai karɓa, ya zagaya ya sake karɓa. Tsohuwa ta faɗi, kin gani da idonki. Mai jego ba za ta fito ba, mai takaba ba za ta fito ba, tsohon da ƙafa ta kwantar ba zai fito ba, magidancin da aka sani da mutunci a masallaci gara ya kwana da yunwa da a gan shi a nan. Su ne waɗanda aya ta 273 ta Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce miskini ba shi ne mai zagaya mutane ana sallamarsa da loma ɗaya ko biyu, dabino ɗaya ko biyu ba, miskini shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a gane shi ba balle a ba shi, shi kuma ba ya tashi ya roƙa. Irin waɗannan sai an bi su gida.

Ki duba lissafin ma. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Kamaru ta yi kan rayuwar iyalai a 2021 zuwa 2022 ya sa ma'aunin talauci a kan sefa 813 a rana ga mutum ɗaya. Ya nuna a yankin Arewa, inda Garwa take, kusan mutum shida cikin goma suna ƙasa da wannan ma'auni, a Arewa Mai Nisa kuwa sun kusa bakwai cikin goma. Sefa 400,000 ɗinki in aka raba wa mutum ɗari biyu, kowa ya tashi da na 2,000, abin da bai kai kwana uku ba a bakin mutum ɗaya, balle gida mai yara. Ko kin ninka kuɗin sau goma layin ba zai ƙare ba, ƙaruwa ma zai yi, domin labari yana tafiya. Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba. So nake ki sauke wa kanki nauyin da ba naki ba. Ba a ɗora miki ciyar da Garwa ba. Abin da ke hannunki zai iya canza damina guda a gida huɗu ko biyar, in kin zaɓe su kin tsaya a kansu.

Bashin nan kuwa kada ki ci shi. Ko kusa. Layya kanta sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa masa larurar gidansa ba. Rabon ƙofar gida bai ma kai matsayin layya ba, ganin dama ne. Bashi kuwa abu ne da Annabi (SAW) ya taɓa janyewa daga sallatar gawar wani mutum saboda shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin cewa bayan Sallah kasuwar atamfa kwanciya take yi. Da me za ki biya 250,000 a watan da ba a ciniki? Da jari. In jari ya taɓu, baɗi ko 150,000 ɗin ba za ki samu ba, kuma abokiyar da kuke zumunci yau za ku fara wasan ɓuya a layin kasuwa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ke ba wawuya ba ce, shi ya sa kika tsaya kika yi tambaya.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da nake so ki sake karantawa ke kaɗai da dare: “za a ce na karye”. A cikin duk abin da kika rubuta, ita kaɗai ce babu talaka a cikinta. Ban zarge ki ba, kowa yana da wannan tsoron, kuma a kasuwa suna ma jari ne. Amma alherin da aka fara don Allah yakan juye a hankali ya zama abin da ake yi don kada a ce, mai shi bai ankara ba. Za su faɗa ɗin, na mako guda, sannan su koma kan wata. Waɗanda kike saro kaya a wurinsu biyan kuɗi a kan lokaci suke dubawa, ba yawan mutanen da suka taru a ƙofarki ba.

Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce a daina taron, amma ban bi shi a kan a bar komai ba. Ina jin gajiyar hayaniyar bara ce take magana a bakinsa. Ki same shi lokacin da ya huta, ki shimfiɗa masa sabon tsarin, ki nemi yardarsa da shawararsa. Shi yake zama da maza a ƙofar masallaci, ya san magidancin da ya daina sayen ko goro.

Sai ƙaninki. Matarsa ba ta bi hanyar da ta dace ba, da ta same ki kai tsaye ya fi ta kai ƙara wurin Inna. Amma ki ajiye yadda aka faɗa ki ɗauki abin da aka faɗa. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Lokacin da Abu Ɗalha ya zo zai sadaukar da gonarsa ta Bairuha, wadda ya fi so a dukiyarsa, Annabi (SAW) ce masa ya yi ya sanya ta a cikin danginsa. A wani hadisin kuma an ce sadaka ga miskini sadaka ce, ga ɗan uwa kuwa abu biyu ce, sadaka da sada zumunci. Mutumin da ruwan kogin Logon ya kora daga Yagwa ba gini da shuka kawai ya rasa ba. Jiya shi ma mai yanka ragonsa ne, mai aika wa maƙwabta, yau yana ɗakin haya yana jin ana rabo a gidan yayarsa. Ba zai taɓa buɗe baki ya roƙe ki ba. Ki kira shi ku biyu, ki ce masa, “Ɗan uwana, me ya fi matsa maka yanzu, haya ce ko jari?” Ki bar shi ya faɗa da kansa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni a ganina kaso mafi tsoka na kuɗin bana nasa ne, kamar 60,000, a ba shi dunƙule yadda zai yi wani abu da shi, ba a tsattsage ba. Kada kalmar sadaka ta fito daga bakinki. Sannan ki sa malami ya lissafa miki zakkar kayan shagonki in sun kai nisabi shekara ta zagayo, ɗaya bisa arba'in ce. Wannan farilla ce, tana gaba da duk wani rabon Sallah, kuma ɗan uwa mabuƙaci wanda ciyar da shi bai wajaba a kanki ba yana cikin waɗanda za a iya ba.

Abin da ya rage kada ki ƙarar da shi ranar Sallah. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina, kuma ranar Sallah ita ce ranar da ko gidan da ya fi kowane talauci a unguwa yakan ga tsoka. Wuyar tana gaba. Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, masakwa, wato dawar rani, da aka girbe a Janairu da Fabrairu ta ƙare a yawancin gidaje, sabon hatsi bai nuna ba, mudu ya yi tsada, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Ana fita daga nan sai Satumba ta zo da littattafai da kayan makaranta. A lokacin babu mai rabo, babu mai ɗaukar hoto, kowa ya koma harkarsa. Akwai shekarar da wasu mabuƙata daga ƙauye suka kwararo Madina lokacin layya, Annabi (SAW) ya hana a ajiye nama fiye da kwana uku. Daga baya ya ce saboda baƙin nan ne ya hana, yanzu a ci, a ajiye, a yi sadaka. Hukuncin buƙatar mutane ya bi. Ke ma ki bi buƙatar zuwa watan da take. Ki ware kamar 30,000 na hidimar Sallah, sauran ki sayi dawa ko masara yanzu ki ajiye a ɗaki, ki bar ɗan kuɗi a hannu. Baɗi in Allah ya kai mu, da kaka za ki saya, lokacin da hatsi yake araha.

Ɗan kuɗin hannun yana iya yin abin da buhu ba zai yi ba. A yankunanmu uku na arewa akwai takardar lafiyar masu ciki da ake kira cek sante, sefa 6,000 ce, tana ɗauke wa mace awo da haihuwa da kulawar kwana 42 bayan haihuwa a asibitocin da ke cikin tsarin. Akwai matan da 6,000 ɗin nan ce take sa su haihu a gida. Akwai kuma yaran da suke kaiwa ajin ƙarshe na firamare a hana su zana jarrabawar kammala firamare ta CEP saboda ba su da takardar haihuwa. Na ga irinsu da yawa, yaro mai ƙwaƙwalwa ya koma tura baro saboda takarda ɗaya. Wanda ya tsaya wa marainiya aka yi mata wannan takarda ya yi mata abin da za ta mora har tsufa.

Yadda za ki gane gidajen ba wuya, in dai ba ki yi shela ba. Da zarar an ji ana rubuta suna, takarda za ta cika da 'yan uwan mai rubutawa. Ki tambayi ungozomar unguwa da matar liman, a matsayin hira. Mai injin niƙa ya san gidan da ya kwana uku bai kawo niƙa ba. Mai shagon bakin layi yana da littafin bashi, kuma wannan littafin hanya ce mai kyau: ki je ki ce ya duba miki shafin wance, ki biya, ki roƙe shi ya ce mata wani bawan Allah ne ya biya, kada ya ambaci suna. Za ta kwana da sauƙin zuciya, gobe ku haɗu a rijiya ta dube ki ido cikin ido ba tare da jin nauyi ba. A cikin bakwai ɗin da Allah zai sa a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Kuma Garwa gari ne na kowa. In a layinku akwai tsohuwa Kirista da ba ta da mai kula da ita, hatsin da kika saya da kuɗin aljihunki ba ya tambayar addini, haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanki.

Naman layya kuma ga yadda mahaifiyata take yi, Allah ya jiƙanta. Kwanuka iri ɗaya take jerawa, masu murfi. Wanda za a kai gidan Alhaji mai mota da wanda za a kai gidan mai wankau ba ka bambance su, yaro ɗaya ne yake kaiwa, a yini ɗaya, da saƙo ɗaya: “Inna ta ce a gaishe ku, barka da Sallah.” Mai kallo daga waje ba zai ce wannan sadaka ce wancan zumunci ba. Bambancin yana ƙarƙashin murfi. Na gidan da babu, takan ƙara tsoka, ta sa kwalbar man gyaɗa da albasa da gishiri a gefe, domin ta san ɗanyen nama a gidan da ba mai ba itace wani nauyin ne. Ba ta taɓa tara ƙashi da tumbi ta ce na talakawa ne ba. Takan ce abin da ba za ka karɓa ba sai ka runtse ido, kada ka ba Allah, ashe ma'anar aya ta 267 ce ta Baƙara take faɗa mana da Hausa.

Ke kuma Allah ya ba ki abin da ba kowa yake da shi ba, wato atamfa. Kowane shago yana da yadin da ya kwana biyu bai fita ba da guntayen da suka rage. Ki fitar da su tun saura mako uku, kafin teloli su daina karɓar ɗinki, ki haɗa da kuɗin ɗinkin, in ba haka ba yadin zai kwana a akwati ko a sayar da shi. Roƙona ɗaya: kada ki yanka wa yaran duka daga turmi guda. In yara goma suka fito ranar idi da zane iri ɗaya, unguwa za ta gane ankon waye, kin sake yin takalmin marayu ke nan. Ki kira uwar ta zo shago kamar kowace mai saye, ta zaɓi kalar da take so, ki naɗe mata a leda.

Waɗanda suka sa rai suna da haƙƙin a sanar da su da wuri. Ki sa matan unguwa su baza cewa bana babu rabo a ƙofa, don kada wata ta taso daga nesa ta biya kuɗin mashin a banza. Ranar Sallah duk da haka za a zo. Ki ɗora babbar tukunya, almajiri da mai wucewa su ci a ƙoshi, wanda bai samu ba a sallame shi da magana mai daɗi, Suratud Duha ta hana a kyari mai roƙo. Tsohuwar da ta faɗi bara ki sa a nemo miki inda take, ta shiga cikin gidajenki.

Abokiyar adashinki da ta yi niyyar ranta miki, ki gode mata, ki juya tayin. Ki kawo shawara a zamanku cewa duk ranar zubi kowace ta ƙara ɗan abu, ko 500 ce, a asusu na dabam wanda ba a kwasa, sai in wata a unguwa ta shiga matsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ku sa mata biyu riƙon asusun, a rubuta shiga da fita, sunan wadda aka taimaka kuwa ya tsaya tsakanin su biyun.

Ban sa maƙwabciyarki a lissafin kuɗin nan ba da gangan. Bana kwanon naman Sallah kawai za ki aika mata, irin na kowa, in ta dawo da kwanon da ɗan wani abu a ciki, ko ƙuli-ƙuli ne, ki karɓa da hannu biyu ki ci a gaban yaranta. Sai zumunci ya koma yadda yake, wata rana kuna hira, za ki iya ce mata kina neman wadda za ta riƙa shiga miki da atamfa gidajen matan kulle, ta dawo da uwar kuɗi ta riƙe riba. In ta ce tana so, to. In ta ce a'a, ki bar maganar.

Ki fara da yaron da wayarsa yau, gidanta kuma kafin Juma'a. Ki gaishe mini da Inna da maigidan. Bayan Sallah ki rubuto mini, ina son in ji ko yarinyar nan ta koma islamiyya.

Yayarki